Tun da ya shaƙe ni ban ƙara jin daidai ba, ga rana ta matso

Assalamu alaikum Tanti. Ni ɗaliba ce a jami'a nan Damagaram, ina aji biyu, shekarata 22. Iyayena suna wani gari kudu da nan, ni kuma muna hayar ɗaki ɗaya da ƴan mata biyu. An yi mini baiko da wani ɗan kasuwa, an sa rana bayan babbar salla. Duk lokacin da bursu, wato kuɗin tallafin karatu, ya yi jinkiri shi ke biya mini haya da kuɗin kabu-kabu. Da farko kishi ne kawai: ya karɓi wayata ya duba, ya hana ni zaman karatu da ƴan ajinmu maza. Bara ya fara marina. Wani mari da ya yi mini wata biyu da suka wuce, har yau kunnena na hagu yana ƙara, ba na ji sosai da shi. Mako uku da suka wuce ya ga saƙon wani ɗan ajinmu yana tambayata darasi, sai ya haɗa ni da bango, kaina ya bugu, ya shaƙe mini wuya har gani ya ɗauke. Na kwana biyu ba na iya haɗiye abinci. Akwai kuma abin da ya faru daren nan wanda ba zan iya rubutawa ba. Tun daga ranar kullum kaina na ciwo, ba na barci, in na ji ƙarar babur irin nasa zuciyata kamar ta fito, cikina na zafi, al'adata ta yi jinkiri. Karatu ba ya zama, zangon da ya wuce ma darasi uku na faɗi. Ina sayen ƙwayoyi wajen mai talla, na ciwon kai da wata ƙarama ta barci. Ya zo yana kuka, ya ce so ne, in an ɗaura aure hankalinsa zai kwanta. Amma ya ce in na bar shi zai watsa hotunan da na taɓa tura masa. Na gaya wa innata ya mare ni, ta ce in yi haƙuri, kowace mace da haka ta zauna. Abokiyar ɗakina ta ce aljanu ne. Wani lokaci sai in ji da ma in kwanta kar in tashi. Tanti, ciwon nan nawa daga dukan ne? In yi auren, ko zai canza?

Wa alaikumus salam, ɗiyata. Sannu, Allah ya ba ki lafiya. Tambayarki ta farko amsarta a fili take: ƙwarai kuwa, daga dukan ne. Ba raki kike yi ba, kuma ƙwaƙwalwarki ba ta dushe ba. Duk abin da kika lissafa, tun daga kunne har darussan da kika faɗi, ma'aikatan lafiya sun saba ganinsa a jikin matan da ake duka ana tsoratarwa. A 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kusan mace ɗaya cikin uku a duniya ta taɓa shan duka ko tilastawa, galibi daga hannun miji ko saurayi. Don haka in kika zauna gaban likita kika faɗi abin da ya faru, ya sha jin irinsa, kada kunya ta riƙe miki baki.

Zan fara da wuyanki, don shi ya fi tayar mini da hankali, ke kuwa kin sa shi a tsakiyar zance kamar ɗaya yake da mari. A kowane gefen wuya akwai manyan jijiyoyin da ke kai jini ƙwaƙwalwa da masu maido shi. In aka matse su da hannu, cikin daƙiƙa goma ko kusa da haka mutum na iya suma, in aka ci gaba ƴan mintuna kaɗan sai dai gawa. Duhun da kika gani yana nuna jini ya yanke wa ƙwaƙwalwarki na ɗan lokaci, kasa haɗiya kuma yana nuna maƙogwaro ya bugu ya kumbura ta ciki. Sau da yawa ko tabo ba a gani a fata, shi ya sa ake raina abin. Amma matsar na iya tsaga bangon jijiya daga ciki, jini ya daskare a wurin, bayan kwanaki ko makonni gudan ya ɓalle ya je ya toshe hanya a ƙwaƙwalwa, sai ɓarin jiki ya shanye. Kaɗan ne hakan ke samu, sai dai ciwon kai na kullum bayan shaƙa da buguwa da bango ba abin da za a zauna da shi a ɗaki ba ne.

Saboda haka cikin makon nan, gobe in da hali, ki je Babban Asibitin Ƙasa na Damagaram tare da wata da kika yarda da ita. Likita da abin da aka gaya masa yake aiki. In kika ce "kaina ke ciwo" kika yi shiru, hankalinsa zai tafi ga zazzaɓin sauro. Ki ce masa: ranar kaza an shaƙe mini wuya har na daina gani, kaina ya bugi bango, na kwana biyu ba na haɗiya. Ki faɗa masa in muryarki ta sauya, in kin ga jajayen ɗige-ɗige a farin idonki, in fitsari ya kubce miki a lokacin, ko in akwai wani ɓangare na daren da kin kasa tunawa. Daga waɗannan zai gane ko ana bukatar hoton wuya ko na kai. In kuwa kafin ki je kika ji hannu ko ƙafa ta gefe ɗaya ta mutu, ko baki ya karkace, ko magana ta sarƙe, ko ido ɗaya ya dushe, ko amai ya yi ta zuwa, ko numfashi ya yi wuya, to ba a jiran gari ya waye, ko ƙarfe biyun dare ne a kai ki sashen gaggawa. Ki karanta wa abokan ɗakinki alamomin nan, don mai irin wannan hali sau da yawa ba ita ke fara lura ba.

Kunnen kuma, mari da tafin hannu yakan cusa iska da ƙarfi cikin rami ya fasa tantanin dodon kunne. Yawancin irin wannan huda takan haɗe da kanta cikin ƴan makonni zuwa wata biyu. Naki ya kai wata biyu yana ƙara, jin bai dawo ba, don haka ki nemi a tura ki wajen likitan kunne da hanci da maƙogwaro, ya leƙa da fitila, a gwada jinki. Kafin nan kada ki ɗiga komai a ciki, ko man zaitun, ko ruwan albasa, ko maganin ɗigawa na farmasi da likita bai rubuta ba, domin wasu in suka bi ta hudar suka shiga ciki sukan lalata ji. Ki daina sa tsinken auduga. Wajen wanka ki toshe bakin kunnen da auduga mai ɗan bazilin, wajen alwala ki shafa da yatsa mai danshi kawai. In ya fara ruwa ko wari, ko jiri ya kama ki, ƙwayar cuta ta shiga, a hanzarta.

Abin da kika ce ba za ki iya rubutawa ba, ba zan matsa miki ba. In dai tilasta miki ya yi, laifin nasa ne shi kaɗai. Baiko bai ba shi wannan ikon ba, kuma dokar ƙasar nan fyaɗe take kiransa. Akwai magunguna masu wa'adi: na kariya daga ƙanjamau ana fara shi cikin awa 72 a sha kwana 28, na hana ɗaukar ciki na gaggawa kuma cikin kwana 5. Wa'adin nan ya wuce miki, amma ki riƙe lissafin a ranki, don kanki da kuma wata. Abin da ya rage yanzu shi ne gwajin ciki, tunda al'ada ta yi jinkiri, da gwajin ƙanjamau yanzu a kuma maimaita bayan wata uku, da na ciwon hanta, da na cututtukan sanyi in akwai ƙaiƙayi, ruwa mai wari ko ciwon mara. Kina iya neman ungozoma mace ta duba ki, kuma sirrin mara lafiya wajibi ne a kan ma'aikaci. Tashin hankali kaɗai na iya jinkirta al'ada, saboda haka kada ki yanke wa kanki hukunci kafin gwaji. Ina roƙonki kuma, kada ki sha wani jiƙo ko haɗin ƙwaya don jini ya zo, da yawa ta nan ƙoda da mahaifa suka lalace.

A wannan zuwan dai, ki roƙi takardar shaidar likita, wadda ake cewa sartifika, a rubuta raunukan da aka gani, da ranar da abin ya faru, da kwanakin da aka ce ki huta. Ki tafi da ɗan kuɗi saboda ita da gwaje-gwaje. Karɓarta bai zama kin kai ƙara ba. Takarda ce da za ta yi miki magana gaban mahaifinki, gaban shugaban sashenku, da gaban hukuma in ta kai ga haka. Ki ɗauki hotonta, ki ajiye ta asali inda hannunsa ba ya kai.

Ƙwayoyin mai talla suna ƙara miki ciwo. Masu kashe zafi irin su ibufurofen da dikulofenak, in ana shan su kullum da cikin da ba abinci, sukan ci bangon tumbi, kuma ba mamaki su ne rabin zafin cikin nan. In kika ga bayan gida ya yi baƙi ƙirin, jini ne ke zuba a ciki, asibiti nan take. Farasitamol ya fi sauƙi ga ciki, amma kada ya wuce ƙwaya 8 masu miligiram 500 a yini da dare, kuma duk mai shan maganin ciwon kai kwana 15 ko fiye a wata, maganin da kansa yakan koma yana jawo ciwon kan. Ƙaramar ta barci ta fi ba ni tsoro, domin yawanci dangin diyazefam ce. Tana kashe jiki, tana hana abin da aka karanta zama, tana ɓoye alamun buguwar kai, kuma cikin ƴan makonni jiki ke sabawa da ita. In kullum dare kike sha, kada ki yanke ta rana ɗaya, hakan na iya kawo rawar jiki har da farfaɗiya. Ki kwashi fakitin duka ki nuna wa likita ya tsara miki ragewa. Duk wanda ya miƙo miki tiramol don ki iya karatun dare, ki ce a'a.

Rashin barci, bugun zuciya, firgita da karatun da ba ya zama, tushensu ɗaya. In mutum ya ga haɗari, jiki yakan saki sinadaran da ke sa zuciya gudu, tsoka ta ɗaure, narkar da abinci ta tsaya, barci ya gudu, don ya tsere ko ya kare kansa. Shirin mintuna ne wannan. Ke kuwa shekara guda ke nan jikinki bai huta da shi ba, saboda mai tsorata ki yana da lambarki, ya san ƙofar ɗakinki, ya san lokacin da kike fitowa daga amfi, wato babban zauren darasi. Tsokar wuya da kafaɗa da ke ɗaure kullum tana ƙara ciwon kai. Ƙwaƙwalwa kuma cikin barci take adana abin da aka karanta da rana, to wadda ba ta barci, kuma rabin hankalinta na kan waya ko zai kira, ko ta kwana kan takarda ba abin da zai zauna. Abokiyar ɗakinki da ta ce aljanu ne, tausayi ya sa ta faɗa, tana ganin yadda kike zabura cikin dare. Ki riƙe addu'o'inki na safe da na kwanciya, suna sanyaya zuciya. Amma firgicin da ƙarar babur ɗin mutum ɗaya ke tayarwa, an san mai shi.

Maganar da kika yi ta kwanciya kar ki tashi, na ji ta, kuma ban ɗauke ta wasa ba. Matan da ake duka sun kusa ninka sauran mata kamuwa da ciwon damuwa mai tsanani, kuma wannan tunanin alamarsa ce. Ba raunin imani ba ne. Ki faɗa wa likita da bakinki kamar yadda kika rubuto mini, ki nemi a haɗa ki da ma'aikacin lafiyar ƙwaƙwalwa. Ana warkewa, ta hanyar zama da gwani ana magana, wani lokaci da magani, wanda yakan ɗauki mako biyu zuwa huɗu kafin a fara jin amfaninsa. Yau ɗin nan ki ba abokiyar ɗakinki duk ƙwayoyin da ke hannunki ta ajiye, ta barcin in kin saba da ita ta riƙa ba ki ta daren kawai, har ku kai fakitin ga likita. In tunanin ya yi ƙarfi har kika fara tsara yadda za ki yi, ki tashe ta ko da tsakar dare ne ku tafi asibiti tare. Kafin nan, ki bar shayi da Nescafé daga la'asar, ki sa wani abu a ciki da safe ko kunu ne, in zuciya ta tashi ki ja numfashi kina ƙirga huɗu ki sake shi kina ƙirga shida, har minti biyar. Waɗannan suna rage nauyi, amma ba za su warkar da ke ba muddin yana iya iso gare ki duk lokacin da ya ga dama.

Yanzu tambayarki ta biyu. Ra'ayina shi ne kada a ɗaura auren nan a ranar da aka sa, kuma in da za ki bi tawa, a fasa shi. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta. Ki dubi yadda abin ya taho: duba waya, sai hana ki mutane, sai mari, sai shaƙa. Kullum gaba yake yi, alhali yanzu ne yake neman ki, yana jin kunyar iyayenki, kina da ɗakinki da abokan zama. In an kai ki gidansa duk waɗannan shingayen sun faɗi, ga ciki da goyo da za su ƙara ɗaure ki, kuma duka lokacin ciki yana jawo ɓari da haihuwar jariri mara nauyi. Wani bincike da aka buga a Amurka a 2008 ya nuna cewa macen da abokin zamanta ya taɓa shaƙewa, haɗarin ya kashe ta daga baya ya ninka na sauran matan da ake duka kusan sau bakwai. Shi ya sa masu aikin nan suke ɗaukar shaƙa a matsayin gargaɗi na ƙarshe.

Na san kina sonsa, kuma alherin da ya yi miki gaskiya ne, ba sai kin ƙaryata shi ba. Kukansa ma mai yiwuwa har zuci ne a lokacin da yake yi. Sai dai ki lura, a kasuwa ana ɓata masa rai, ana cin bashinsa, bai shaƙe kowa ba. Ya iya riƙe hannunsa inda ya san za a rama. Kuma mutumin da yake kuka yau, gobe ya ce zai watsa hotunanki, bai tuba ba, yana gwada wace igiya ce za ta riƙe ki. Mai son canzawa yakan amsa laifinsa gaban manya ba tare da ya ce ke kika ja ba, ya yarda a ɗaga rana ba gardama, ya bar wayarki, ya nemi magani in yana shaye-shaye, a kuma ga hakan watanni masu yawa. Wannan aikinsa ne da danginsa, ba naki ba.

Addini ma bai ce ki miƙa wuyanki ba. Muslim ya ruwaito cewa Fatima ƴar Ƙaisu ta gaya wa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, cewa Mu'awiya da Abu Jahm suna neman aurenta. Ya ce mata Abu Jahm ba ya sauke sandarsa daga kafaɗa, a wata ruwayar aka fayyace cewa mai yawan dukan mata ne, sannan ya nuna mata Usama ɗan Zaidu. Baiko alkawari ne, ba aure ba, kuma ana warware shi in cuta ta bayyana.

Innarki kuma, kada ki yi fushi da ita. Mari kawai kika gaya mata, ta auna shi da ma'aunin zamaninta, ga tsoron bakin mutane da tunanin ƙannenki mata. Ba ta san an shaƙe ɗiyarta har gani ya ɗauke ba. Wannan ba zancen waya ba ne. Bayan asibiti ki je gida da takardar, ki zauna da ita ku biyu, ki faɗa mata da kalmomin da kika faɗa wa likita. In kin ga za ta rufe zancen don a rufa asiri, ki bi ta wajen gwaggo ko kawun da mahaifinki ke jin maganarsa, shi ya kai masa. Mahaifinki shi ne waliyyinki, shi ya karɓi maganar, shi kuma ya dace ya mayar. Abu biyu za ki roƙa: a dakatar da rana, kuma manya su kai saƙon, kada a bar miki. In aka ce a zauna sulhu, ki nemi a ji naki daban, ba a gabansa ba. Mace ba ta iya faɗin gaskiya kusa da wanda take tsoro, kuma duk abin da ta faɗa a zaman yakan biyo ta daga baya. Kuɗin gaisuwa da kaya a lissafa a mayar gaban shaidu. Ki rubuta abin da ya kashe miki na haya gwargwadon yadda kika tuna, don kada ya zama sandar dukanki nan gaba.

Ki kula sosai da wannan: lokacin rabuwa shi ne mafi haɗari, domin a nan yake ganin kin kubce masa. Kada ki gaya masa kin fasa kuna ku biyu, kada ki je sallamar ƙarshe, kada ki hau baburinsa ko ki shiga shagonsa ko ɗakin abokinsa, ko da ya ce hotunan zai goge a gabanki. Kafin saƙon manya ya isa gare shi, ki bar ɗakin hayar na ƴan makonni, ki koma gidan dangi mai mutane ko ɗakin wata a masaukin ɗalibai mai gadi. Ki tattara takardar haihuwa, katin ɗan ƙasa, katin ɗaliba da shaidar bak ta gama sakandare ki ba amintacciya. Ki sauya hanya da lokacin fita, ki riƙe ɗan kabu-kabu ɗaya da kuka sani, ki daina tafiya ke kaɗai bayan magariba. Ku ajiye wata kalma da abokan ɗakinki, wadda in kin faɗa ko kin tura sun san a kira mutane. In ya rutsa ki, ki nufi ƙofa da inda jama'a suke, ki nisanci inda wuƙa da taɓarya suke, ki yi ihu ba kunya. Lambar ƴan sanda 17 ce.

Game da hotuna, kada ki goge saƙonninsa. Ki ɗauki hoton barazanar yadda lambarsa da rana za su fito, ki tura tare da saƙonnin murya zuwa wajen wata amintacciya. Ki sauya lambar buɗe wayar, ki kunna kariya mai mataki biyu a WhatsApp da Facebook, ki duba ko ya haɗa WhatsApp ɗinki da wata na'ura ki cire. In shi ya saya miki wayar, ki kwashe abinki ki haɗa ta cikin kayan da za a mayar. Dokar 2019 kan laifukan intanet a Nijar tana hukunta mai tsorata mutum ta waya don ya tilasta masa wani abu, da mai watsa abin da ke zubar da mutuncin wani. Ƙarfin barazanar nan yana cikin ɓoyonta, don haka ki riga shi: ki gaya wa gwaggonki akwai hotuna, ko da za ki sha faɗa na yini ɗaya. In manya suka gaya masa cewa an san da zancen, an kuma ajiye shaida, da yawa a nan suke janyewa.

Kai ƙara kuwa, ke ce mai zaɓi, amma ki san ƙofofin. Kina iya zuwa komisariya ki nemi sashen kare mata da ƙananan yara, ko jandarma, ko ki kai takarda kai tsaye ga mai gabatar da ƙara a babbar kotun Damagaram. Duka da raunatawa laifi ne ko da baiko ko ba baiko. Hukumar ba da taimakon shari'a ta ƙasa, ANAJJ, tana da ofisoshi a manyan kotuna inda ake ba da shawara kyauta, akwai kuma ƙungiyar mata masana shari'a ta Nijar, da ofishin jiha mai kula da mata da yara. In ya sake taɓa ki, ko ya watsa hoto ko ɗaya, ko ya furta kisa, shawarata ki je a ranar.

Kuɗi su ne igiyar da ta fi wuyar tsinkewa, na sani. Ki rubuta abin da kike kashewa a wata, haya da abinci da abin hawa da kwafin darasi, ki kai lissafin ga kawu ko yayanki. Mutane sun fi saurin ɗaukar nauyin jaka kaza da aka rubuta a takarda fiye da "a taimaka mini". Ki nemi ɗaki da tikitin abinci a ofishin kula da walwalar ɗalibai, sun fi haya araha. Darussa ukun kuma ba su kashe shekararki ba. Ki kai takardar likita ga shugaban sashe ko wata malama da kika natsu da ita tun kafin jarrabawar ramuwa, ba sai kin ba da labarin duka ba. Ki koma zaman karatu da ƴan ajinku da rana a bainar jama'a, rabin awa ki huta, rabin awa ki huta, don kan da ya bugu ba ya son dogon zama gaban takarda ko waya.

In kuma kin karanta duk wannan kika ji ba ki shirya fasawa ba, ko mahaifinki ya tsaya a kan sai an yi, ba zan zarge ki ba, kuma kada hakan ya hana ki asibiti. Mafi ƙarancin abin da za ki tsaya a kai shi ne a ɗaga rana har ki gama lisans, wato digirin farko, wani babba daga gidanku da wani daga gidansu su san zancen shaƙar, ya daina zuwa inda kike kwana, zance kuma sai a gidan manya. In an ƙi saurarenki a gida, ki nemi limamin unguwarku ko malamin da mahaifinki ke girmamawa, ki nuna masa takardar, ki roƙe shi ya je da kansa. Allah ya tsare ki, ɗiyata, ya ba ki lafiya.